Ƙwaryar Ruwa a Kujerar Baya

Motar farko da na taɓa mallaka, rabinta ne nawa. Ɗaya rabin na abokina ne, ɗan wani tsohon gidan 'yan kasuwa a Kafanchan, wanda ya gaji cinikin citta a wurin mahaifinsa. Ni kuwa fita ne, wato makaniki, a loko, inda ake gyaran kawunan jirgin ƙasa, kullum hannuna dumu-dumu da baƙin mai. A tsakiyar shekarun saba'in ne muka haɗa hannu muka saye ta a wurin wani injiniya da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Tsohuwar salun ce mai ruwan toka, ƙofar direba sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Amma injinta lafiyayye ne, na kuma ƙara masa lafiya da hannuna.

Tun ranar farko muka yi rabo da wasa, wasan kuma ya zama doka. Ya ce shi ne da gaba, wato sitiyari da totur da giya, tunda shi ne mai tuƙi. Ni ne da baya, tunda ni ne mai kwanciya a ƙarƙashi. Na yarda ba musu, don ya fi ni iya tuƙi nesa ba kusa ba. Ni mutum ne mai yawan tunanin abin da zai iya lalacewa, shi kuwa in ya kama sitiyari mantawa yake yi yana da iyali. Ranar Juma'a motar tasa ce, ya kai tsohonsa masallaci. Ranar Lahadi tawa ce, in kwashi matata da yara zuwa sujada, in da hali mu wuce ƙauyenmu Fadan Kagoma mu gai da Mama, mahaifiyata. Asabar da yamma ce kawai tamu mu biyu.

Abin da muke yi ranar Asabar ba abin da za ka gaya wa fasto ko liman ba ne. A bayan gari, ta hanyar Kagoro, akwai wani wuri da kwalta ta miƙe samɓal, ba kwana, ba gida kusa. Masu mota ba su da yawa a garin, amma duk wanda jininsa ke tafasa can yake zuwa. Motoci biyu su jera a gindin wani mangwaro, wani ya ɗaga hula, in ya sauke ta sai a tashi, wanda ya riga kaiwa kwalbati shi ya ci. Tazarar gajeriya ce, kafin ka gama ihu an gama. Ba a caca a wurin. Baki kawai ake ci, wanda aka kayar ya sha tsiya har Asabar ta zagayo. Akwai wani ɗan kwangila mai sabuwar jar mota da ya mai da mu abin tsiyarsa. In ya gan mu a kasuwa sai ya ɗaga murya ya tambaya ko kunkurunmu ya tashi daga barci.

Ciwon motarmu a baya yake, wato a rabina. Sifirin ɗinta irin mai falle-falle ne, dogayen ƙarafa da aka jera wani kan wani, kuma sun gaji. In abokina ya saki kuloci da ƙarfi, sai gindin motar ya durƙusa, ƙarafan su lanƙwashe su warware, tayoyin baya su kama tsalle a kan kwalta kamar ɗan akuyar da aka ɗaure. Kafin su natsu jar mota ta yi gaba. Wata rana sai ga abokina da fara'arsa, an turo masa sifirin ɗin wata matacciyar a-kori-kura a amalanke, ƙarafa masu kauri da aka yi don ɗaukar buhuna. Na ɗaura su. Gindin motar ya ɗaga sama, tsallen ya ragu, muka fara cin ƙananan motoci, har muka soma shinshinar ƙeyar ɗan kwangila. Shi kuma ya aiko cewa mu haɗu Asabar ta ƙarshen wata a raba raini. Matata ta ce tun da na sa ƙarafan nan zuwa coci ya zama horo, haƙoranta har haɗuwa suke yi. Na ce mata za ta saba.

Ana cikin haka ne maganar tulun Mama ta taso.

Mama ce mai kiɗan tulu a zumuntar mata ta cocin ƙauyenmu. Tulu ne na yumɓu, a ɗora shi a kan gammo, a riƙa dukan bakinsa da ɗan matashin tsumma, sai ya ba da wata murya mai zurfi da ƙirji ke ji kafin kunne. A kan muryarsa sauran mata ke ɗora waƙa da tafi. A da tuluna biyu ne, babba da ƙarami. Yayar Mama ce ta gina su da hannunta, kuma tare suke kaɗawa tun ina firamare, yaya a babba, Mama a ƙarami. Da yayar ta rasu, Mama ta daina guɗa, ita da ake jin guɗarta tun daga bakin rafi in an yi haihuwa ko baftisma. Shekarar da ta biyo baya aka kwashi matan a bayan wata a-kori-kura zuwa babban taron zumunta, motar ta faɗa rami, ƙaramin tulu ya tarwatse a cinyar mai riƙe da shi. Saura babban, na marigayiya. Daga nan har dariyar Mama ta ragu.

Taron wannan shekarar a Gwantu za a yi, 'yan kwanaki bayan tserenmu. Wata Lahadi na je gaishe ta, na tarar tana gyaran gammo da igiya a tsakar gida. Ta ce da ƙafa za ta tafi, ita da tulunta, ta riƙa kwana a hanya wurin 'yan'uwa masu bi. Matar da gwiwoyinta suka kumbura har sai ta dafa bango take tashi! Da ni yarenmu take yi, amma in za ta yanke hukunci sai ta koma Hausar coci, ta san a cikinta ba na iya yi mata gardama sosai.

Na ce, "Mama, ga mota a ƙofar gida. Ni zan kai ki."

Ta ce, "Mota ne ya kashe ƙaramin. Ba zan ba shi babban ba."

"Wannan ba a-kori-kura ba ce, Mama. Salun ce, motar manya."

Ban ga amfanin gaya mata ƙafafun wa ke ƙarƙashin salun ɗin ba. Ta dube ni, ta dubi motar. Sai ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya, ta cika ta da ruwa har kusa da baki. Ta buɗe ƙofar baya, ta sa gammo a tsakiyar kujera, ta ɗora ƙwaryar.

Ta ce, "Ka je bakin rafi ka dawo. In ruwa ya dawo, zan shiga. In bai dawo ba, ka bar ni da ƙafa na, Ubangiji ne ya ba ni shi."

Na nufi bishiya zan tsinko ganye in watsa a kan ruwan, kamar yadda mata ke yi in sun ɗebo daga rafi don kada ya yi tambal-tambal. Ta tsai da ni. Ta ce tulunta ba shi da ganye.

Na ja motar kamar mai ɗauke da ƙwai. Ban wuce shingen maƙwabci ba na ji sanyi a ƙeyata. Hanyar rafi kuwa ruwan farko ya riga ya zaizaye ta, duk tsakuwa ce da kwari. Na dawo da ƙwarya a kife a ƙasan kujera. Mama ta ɗauka, ta duba ko ta tsage, ta ce mini sannu da aiki, ta koma ga igiyarta. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. A ranar na ji tsoro na gaske, don na san halinta. In ta ce za ta taka, za ta taka, ko da a hanya za a tsince ta.

Da na ba abokina labari a shagonsa, sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Da ya ga ban taya shi ba, ya gyara zama ya ce abin mai sauƙi ne, ai a-kori-kura in an loda mata kaya laushi take yi. Gaskiyarsa, haka taragon kaya yake, in ba komai a ciki ƙwanƙwasa kawai yake yi a kan dogo. Muka cika but da buhunan citta, muka cusa wasu a ƙasan kujera, muka sayi ƙwaryarmu muka gwada a wata hanya mai gargada da ke bayan kasuwa. Zubar ruwan ta ragu. Amma motar ta koma jaki mai ciki, ko ɗan tudu sai ta yi nishi, duk wanda ya shiga kuma sai atishawa har da hawaye. Ga shi Mama ba ita kaɗai za ta ba, akwai ƙawayenta biyu da tabarmi da tukwanen girki. Muka sauke citta.

Sai na mai da tsofaffin sifirin. A ƙananan gargada ruwan ya kwanta lafiya, har na fara murna. Da muka shiga rami mai zurfi sai gindin motar ya sauka gaba ɗaya, ƙarfe ya daki ƙarfe, ƙwarya ta yi sama. Wannan ya fi na farko muni, irin dukan da ke fasa tulu ke nan. Wani bakanike a garin ya ba mu shawarar mu cire falle-falle ɗungurungum, mu sa sifirin mai naɗi irin na sababbin motoci, yana da guda biyu da ya ciro a wata. Abokina ya so haka, don duk abin da aka ce sabo ne yana so. Ni na ƙi. Sai an yanke ƙasan motar, an yi waldar hannuwan da za su riƙe aksil, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, ni kuwa ban yarda da walda a wurin da ran mutum ya rataya ba, balle waldar gaggawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na yi kwanaki ina tauna abin. A wurin aiki na riƙa leƙa ƙarƙashin taragon fasinja ina kwatanta shi da na kaya, har shugabana ya tambaye ni ko wani abu nawa ya faɗi. Sannu a hankali na gane cewa sifirin ɗin mota aiki biyu yake yi, kuma ba wuri ɗaya yake yin su ba. Aksil a tsakiyarsa yake zaune. Rabin da ke gaban aksil shi ke tura mota in taya ta yunƙura, shi ne ke lanƙwashewa ya jawo mana tsalle. Rabin da ke baya kuwa yawanci gargada yake shanyewa. Mu da muka sa na a-kori-kura mun taurara duka biyun, alhali ɗaya ne ke da laifi.

Na kai tsofaffin fallayen wurin maƙeri ya buga su, ya mai da musu lanƙwasarsu ta asali. Na ɗauki falle ɗaya mai kauri daga na a-kori-kura, na yanke shi, na sa shi ta gaba kaɗai. Na ƙera maɗauran ƙarfe na matse rabin gaba tamau, ya zama kamar sanda ɗaya. Rabin baya na sake shi, na shafa giris tsakanin fallayen don su riƙa zamewa, na naɗe su da tsumman buhu saboda yashi. Na sa sababbin shokazoba. Daga nan aiki ya koma na gwaji. Kullum in na tashi daga loko sai hanyar bayan kasuwa, ni a sitiyari, abokina a kujerar baya kusa da ƙwarya yana ba ni labarin ruwa. In matsar da maɗauri, in rage iskar taya, mu sake. Ya jiƙe har ya gaji da jiƙewa. Kullum sai ya koma gida ya sake wando kafin magariba, yana mita cewa 'yan kasuwa sun fara yi masa wani irin kallo.

Yakan ce, "Mutumina, motar tsere muka saya ko gadon asibiti?"

In ce, "Baya nawa ne. Ka ji da gabanka."

Lahadi ta zagayo, ba ranarsa ba ce, amma ya biyo mu Fadan Kagoma, wai yana so ya ga alƙalin da ya hana shi busasshen wando. Ya durƙusa ya gai da Mama, ya ajiye mata ƙullin goro da sabulu. Ita kuma ta cika ƙwarya, kuma na rantse ta fi ta ranar farko cika. Na miƙa hannu zan buɗe ƙofar direba, sai ya ture ni ya ce in koma gefe. Ban taɓa ganin irin tuƙin da ya yi ran nan ba. Mutumin da ke tashi kamar an harbo shi, shi ne yake lallaɓa kowane rami, ya sauke taya ɗaya, ya jira, ya sauke ɗayar. Ni kuwa na juya a kujera na zuba wa ruwan ido. Ya yi rawa, ya leƙo baki, ya koma. A gangaren rafi ya ɗan fallatso, zuciyata ta bi shi.

Da muka dawo, Mama ta buɗe ƙofa ta daɗe tana kallo. Akwai ɗan jiƙo a kujera kamar faɗin tafin hannu. Ta taɓa shi da yatsa.

Ta ce, "Ko a kai na ma yana zuba haka."

Na ji kamar in yi tsalle. Amma ba ta gama ba. Ta zagaya bayan motar, ta dafa but ta danna, motar ta sauka ta taso a hankali. Ta ce, "Wannan motan da na gwada, shi zan shiga. In ka canja mashi ƙafa bayan na juya baya, ni ban gani ba, amma Allah yana gani." Na ce na yi alkawari. Ta kwance igiyar gammonta ta rataye.

A hanyar dawowa abokina ya taso da maganar da na san tana zuwa. Ya ce tunda an ci jarrabawa, sai in mai da ƙarafan a-kori-kura don ranar Asabar kawai, mu gama da mutumin nan, daga baya in sake ɗaura na Mama. Ya ce taura biyu ba ta taunuwa, kowace rana da abincinta. Na ce a'a. Ba alkawarin kaɗai ba ne. Na san in na kwance maɗauran nan ba lallai in sake samun daidai inda suka zauna ba, kuma babu sauran Lahadin gwaji. Ya ce na fi son tukunya a kan mutuncinsa, shi ne ke shan tsiya a kasuwa, ni ina ɓoye a loko. Na ce tukunyar uwata ce. Ya ce ai shi ma da uwa ya zo duniya. Da wannan rigimar muka ƙarasa Kafanchan.

Ranar Asabar mutane sun taru fiye da kullum, har da masu keke da masu talla. Aka jera, aka ɗaga hula, aka sauke. Motarmu ta ɗan durƙusa, ta kama kwalta, ta tafi. Ba tsalle, ba ƙarar taya, ko kusa ban taɓa ganin ta tashi da tsabta haka ba. Har tsakiyar hanya mu ne a gaba, ina ihu ina dukan wani bawan Allah da ban sani ba a kafaɗa. Daga nan jar mota ta fara cin tazara, ta kamo mu, ta wuce mu a bakin kwalbati da abin da bai fi tsawon bonet ba. Ɗan kwangila ya yi tsiyarsa son ransa, ya ce kunkuru ya farka amma bai wanke ido ba. Na lura dai kafin ya tafi sai da ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashin motarmu. Abokina ya fito, ya ajiye makulli a kan kujera, ya kama hanyar gari da ƙafa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san a ransa da ƙarafansa ne a ciki da ya ci. Ni ban yarda ba, amma ba ni da hanyar nuna masa.

Ban sake ganinsa ba sai safiyar tafiya. Ina goge gilashi a ƙofar gida sai ga shi da ɗan buhun ƙaiƙayin shinkafa a kafaɗa, wanda za a dasa gindin tulu a ciki. Bai gaishe ni ba. Ya jefa buhun a baya ya miƙo hannu.

Ya ce, "Kawo makulli. Kai da kake taka burki kamar mai kashe kunama, ba za ka tuƙa Mama ba."

Muka ɗauko su a Fadan Kagoma. Mama ta zauna a tsakiya, buhun ƙaiƙayi a cinyarta, tulu a kai an naɗe shi da zannuwa, ta rungume shi da hannu biyu. Ƙawayenta suka sa ta tsakiya, dukansu cikin anko na zumunta, suna ta waƙa tun daga ƙofar gida. Ita ba ta yi waƙa ba. Bayan Gidan Waya hanya ta lalace, ruwa ya yanka ta gicciye a wurare da yawa. A wani gangare muka tarar da rami da ruwa ya rufe bakinsa, ba wanda ya gan shi sai da muka shiga. Gindin motar ya sauka, ya sauka, ina jiran ƙarar ƙarfe, ba ta zo ba. Ya taso a hankali ya zauna. Waƙa ta tsaya cak. Ba a sake ɗauko ta ba har muka shiga Gwantu.

A harabar cocin da ake taron, mata sun cika ko'ina da kaya a ka. Mama ta ƙi a karɓar mata. Ta sauko da kanta, ta ajiye tulun a kan gammo, ta warware zannuwan ɗaya bayan ɗaya. Ta zagaya shi da tafin hannu. Sai ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa cikinsa. Ya amsa da muryarsa cikakkiya, ba alamar tsaga. Ta ce, "Mun gode wa Yesu." Abokina ya ce, "Alhamdu lillahi," ya share gumi da hularsa.

Kafin mu juya mun ɗan zauna a inuwar wata ɗorawa, ni da shi, muna cin gyaɗa. Aka fara waƙa a ciki, muryoyi kamar za su ɗaga kwano. A ƙarƙashinsu duka akwai wani sauti mai zurfi yana tafiya a hankali, ya riƙe su. Na san shi tun ina yaro. Hawaye suka zo mini, ban kuma ɓoye ba. Abokina ya saurara ya ce, "Wancan namu ne?" Na ce namu ne. Ya gyaɗa kai ya miƙo mini sauran gyaɗar.

Da aka tashi daga taro muka koma ɗauko su. A dawowa ta Kagoro muka biyo, rana ta yi sanyi, hanya ba kowa. Muna zuwa gindin mangwaron nan sai ɗaya daga cikin ƙawayen ta nuna da baki ta ce a nan ne ake haukan. Ashe matata ta riga ta kwashe labarinmu kaf ta kai ƙauye. Mama ta ce a tsaya. Ta sa ƙawayenta suka sauka, ta sauko da tulu ta girke shi a kan gammo a gindin bishiya, ta kama hannuna ta ɗora a wuyansa. Sannan ta koma wurin abokina.

Ta ce, "Ɗa na, a nan ne jan mota ya ci ka?"

Ya ce, "A nan ne, Mama."

"Saboda tulu na ne?"

Ya dube ni ta taga. Ya ce, "A'a, Mama. Injinsa ne ya fi namu."

Har yau ban sani ba ko ya yarda da hakan ne, ko don ita ya faɗa. Mama dai ta shiga baya ita kaɗai, ta ja ƙofa, ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu. Ta ce, "To, nuna mani wannan gudu naku."

Na ce, "Mama, gwiwarki fa?"

Ta ce, "Gwiwa na zai gudu? Ɗaga hula."

Na ɗaga hula da hannu ɗaya, ɗaya hannun a wuyan tulu. Abokina ya ba injin wuta har na ji yumɓun yana ɗan rawa a tafina. Na sauke hula. Motar ta durƙusa ta tafi, ɗankwalin Mama ya yi baya. Ba su kai tsakiyar hanya ba muka ji ta. Guɗa ce, doguwa, siririya, ta hau kan ƙarar injin ta wuce ta, ba ta yanke ba har kwalbati. Ƙawayenta suka dubi juna. Ɗaya ta rufe baki da gefen zane ta fashe da kuka, tana dariya a lokaci guda. Tun ranar da aka binne yayar Mama babu wanda ya ji wannan muryar a cikinmu.

Suka juyo a hankali suka tsaya a gabanmu. Ɗankwali ya karkace, idanunta sun yi ruwa saboda iska. Ta leƙo ta taga, ta duba tulu yana nan a hannuna, sannan ta taɓa kafaɗar abokina.

Ta ce, "Mu ƙara ɗaya."